Ranar Da Aka Warkar Da Garwa

Jama'a, ku taya ni murna, an warkar da garinmu Garwa kaf a wuni ɗaya. Ni dai rabona a bikin shi ne rana a ƙeya, don jiya a kan babur na wuni, ina bin hanyar Ngawundere ina neman yayana.

Yaya Sulaimanu tela ne, shekara shida ke nan yana fama da taɓin hankali. In Madam Berthe ta yi masa allurar wata, fes za ka gan shi, har ɗinkin Sallah yake karɓa. In allura ta wuce, sai ya yar da takalmi ya kama hira da iska. Ita kaɗai ce mai duba irinsu a ɓangarenmu, ɗakinta kuwa bai fi shagon mai shayi ba.

To, sai aka ce manya na tafe daga babban birni da taswira, za su zaga Arewa su ga ina ake kula da masu wannan ciwo, ina ake buƙatar ƙari. Kun san halinmu in za a yi baƙi: a shafa wa gindin bishiyoyi farar ƙasa, a kori awaki, a kwashe duk abin da zai ba mu kunya. Mai Girma Sarkin Tarbar Baƙi, Allah ya ƙara wa tumbinsa faɗi, bai tsaya tambayar me aka zo gani ba. Da safe ya turo kamiyo, babbar motar kaya. Duk wanda aka gani yana magana shi kaɗai, sai sama, a kai shi can bayan gari a zubar. Har layin ƙofar Madam Berthe aka haɗa, wai suna ɓata tsari. Ranar allurar Yaya ce.

Baƙi suka iso suka tarar da benci wayam, suka yi rubutu, suka tafi cin kifin Binuwai.

A kilomita ashirin na same shi, gindin darbejiya, riƙe da katin asibitinsa. Ya ce, "Ƙanena, layin ne ya kawo har nan?" Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Maƙwabcina Bobbo shi ya tuƙa baƙin. Ya ce, "Malam, a mota na ji su. Wai Garwa ba ta da matsala, za a mai da Madam inda ake buƙatarta."

Na ce, "Ina ke nan?"

Ya ce, "Garin da ba su da kamiyo mana."

Yau na kai Yaya, ta yi masa allura, ta ce ta wata mai zuwa ba ta san wa zai yi ba. Ya gyara hula ya ce, in baƙin za su dawo a gaya masa da wuri, zai tsaya tsakiyar titi ya nuna musu abin da suka zo nema. Na ce a rubuta har da ni. Yadda nake jin kaina, ba sai na yi kwaikwayo ba.