Sarkin Kwana da Ramin Dangora

Kaf kudancin Kano babu direba kamar Ubale Sarkin Kwana. Wannan magana ba ta da ja, don shi da kansa ya faɗe ta, ya kuma rubuta a bayan fijonsa da jan fenti. Ramukan titi kuwa, daga Dangora har Doguwa, ya san su har da kakanninsu.

Ranar da Mudi mai aski ya kawo na'urar wasan tseren mota shagonsa a Tudun Wada, ya jona ta da talabijin, sai ga gogan naka ya ratso jama'a. Ya ƙura wa titin wasan ido, ya yi murmushin manya.

"Kai, mutanen Japan ba kunya! Ai hanyar Falgore suka sata. Ga dajin nan. Wancan kuma ruwan Bagauda ne."

Mudi ya ce, "Ranka ya daɗe, farin abin can a kan dutse fa?"

"Auduga aka shanya."

Nan take ya tuɓe hularsa ta direbobi, wadda ko wanzami bai taɓa ganin ƙarƙashinta ba, ya ɗora kan talabijin. Ya ce in Mudi, wanda ko keke bai iya ba, ya riga shi, hula da sarauta sun zama nasa.

Aka fara. Mudi ya danna ya yi gaba abinsa. Sarkin Kwana kuwa tuƙin ilimi ya yi. Ya rage gudu inda Fulani ke tsallakar da shanu. Ya nemi ham bai samu ba, ya yi da baki. A kan titi sumul ya kauce wa babban ramin Dangora da gwaninta, ya rungumi katanga. Zagaye uku, runguma uku!

Mudi ya kafa hula har kunne, shago ya kece da dariya.

"Ba laifina ba ne," in ji Ubale, sanƙonsa na ƙyalli. "An gyara hanya ba a sanar da ni ba. Kun dai gani da idonku, an cike ramin!"

Washegari da hantsi ya cika fijo da fasinja, ya doshi ramin Dangora ba birki, yana yabon gwamnati. Shanun huɗa biyu aka nemo suka jawo motar daga cikin ramin.

Ashe Japan ba su aiko wa ramin labari ba.