Ni da Kare Haƙƙin Barebari

Ba zan taɓa mantawa ba da satin da na dawo daga wata bita a Kano, wadda aka yi mana kan kalaman ƙiyayya a intanet da dokokin kare haƙƙin ɗan Adam. Na dawo ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa kaina ya kumbura, ga shi ni ne admin na guruf ɗin WhatsApp na garin. (Neman wanda zan gwada ilimina a kansa kawai nake yi.)

Ai kuwa ran kasuwa sai ga wata lamba da ban sani ba ta rubuto cewa Barebari duk bayin Fulani ne, kuma a kamo Malam Bukar mai taki ya zo ya share masa turke. Nan take na zazzaga wa mai lambar wa'azi, na kira shi jahili mai raba kan al'umma, na ce doka za ta iya hawa kansa, sannan na fitar da shi waje. Na zauna ina jiran jinjina.

Can sai wayar yayata, ko sallama babu. Ta tambaye ni ko na san wanda na kora. Ashe Alhaji Jauro ne, kawun Hauwa da nake nema kuma waliyyinta, ya sake layi. Shi da Malam Bukar tun suna samari suke wannan wasan na Fulani da Barebari. Innalillahi! Wasan da na tashi ina ji a bakin kasuwa, bita ta mantar da ni. Ga shi bayan girbi za a sa mana rana.

Da la'asar Baffana ya tasa ni gaba zuwa ban haƙuri. Muka tarar da su biyun a tabarma ɗaya suna shan fura. Na durƙusa, gumi har cikin ido. Sai Malam Bukar, wanda na kare ɗin, ya taso mini.

"Kai yaro, wa ya aike ka? Ka kore mini bawa tun ban rama ba!"

Sai da dariya ta lafa Alhaji ya ce zai ba ni Hauwa, amma a ɗaga sa rana zuwa baɗi, ya ga ko zan kai shi kotu tukuna.

Har yau ina goge zagin gaske idan ya shigo guruf, don akwai shi. Sai dai kafin in karanto wa mutum doka, nakan fara tambayar ko kawun waye.