Uban Ulu da Rigar Mama

Allah Ya yi wa zamaninmu gata da Ya ba mu Uban Ulu. Ba don shi ba da saƙa ta mutu murus, duk da cewa matan unguwa ba su taɓa ajiye ta ba. Shi ya farfaɗo da ita, kuma da baki kaɗai ya yi wannan gagarumin aiki, don yatsunsa ba su taɓa riƙe zare ba. Ko ana zafi kamar a gasa mutum, gyalen ulu na naɗe a wuyansa.

Da aka ba shi bango guda a zauren baje kolin fasaha, sai ya tuna da akwatin yayarsa. A ciki akwai rigar sanyin da mahaifiyarsu take cikin saƙawa ajali ya riske ta. An kai rabi, tsinkayen saƙar suna nan soke inda hannunta ya tsaya. Yayar ba ta da abin tunawa da Mama da ya kai wannan. Da ƙyar da naci ta ba shi aro.

"Don girman Allah kar ka zare tsinkayen," in ji ta. "Su ke riƙe da bakin saƙar."

"Haba Yaya, ni za a koya wa saƙa?"

Ranar buɗewa ya kafe rigar a bango, ya ja da baya, ya ƙanƙance ido. Tsinkayen sun ɓata tsari. Ya zare su ya soke a aljihun gaba kusa da biro, don kowa ya gane mai sana'a. Jelar zaren kuwa ta maƙale a maɓallin hannun rigarsa, bai sani ba.

"Jama'a," ya fara, yana kai gwauro yana kai mari, "kafin zuwana, wa ya san darajar hannun uwa? Ni na ɗauko shi daga duhun akwati na kai shi gaban duniya!"

Duk wurga hannun da ya yi, sai layi guda na saƙar ya warware. Masu kallo suka ɗauka cikin shirin ne, suka ɗaga wayoyi. Da ya ji tafi sai ya ƙara faɗin taku, ya je har ƙarshen zauren ya dawo.

Yayar ta shigo a makare. Ta tarar da ɗan ƙyalle a bango, sauran rigar na kwance a ƙasa ana takawa. Ta durƙusa tana tattara zaren da ya lanƙwashe yadda Mama ta bar shi, hawaye na zuba. Wallahi ta ba ni tausayi. Ta miƙe ta cire tsinkayen daga aljihunsa ta fice.

Mai zauren ya rungume gwanin, ya ce lallai a maimaita mako mai zuwa. Tun kafin Yaya ta isa gida wayarta ta yi ƙara.

"Yaya, wai Mama ba ta bar wata ba?"