Kaka Ya Bar Gida Goma Sha Biyu

Ka taɓa ganin mutumin da asali ya yi wa nauyi har ya sauya masa tafiya? In ba ka taɓa ba, zo ka ga yayanmu, Jinin Manya. Daga ƙofarsa zuwa bakin titi taku arba'in ne ga kowa. Shi tamanin yake yi, na ƙirga, don ɗan babban gida ba ya gaggawa. Aikinsa buga hatimi a wani ofis, amma in ya ɗaga hannu zai buga, sai ka rantse ƙasa biyu zai sulhunta. Ɗaki biyu yake haya. Wannan, in ji shi, tawali'u ne.

Duk zuri'armu mun tashi muna jin cewa Kaka ya rasu ya bar gida goma sha biyu. Ba wanda ya san unguwar da suke. Mu mun ji mun wuce, shi kuwa da maganar yake karya kumallo. A zama ɗaya sau tara ya faɗe ta.

Da aka zo zaɓen shugaban ƙungiyar zuri'a, ya fito takara da Baffa, tsohon malamin makaranta.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji shi. "Ku ba ni wata guda, zan kawo muku takardar gadon Kaka. Ku ba ni kujera, in ƙwato muku gidajenku."

Da yake ni ke riƙe da littafin ƙungiya, ni na raka shi ɗakin ajiyar takardu na kotu. Kanta goma sha huɗu, taga ɗaya, kujera ɗaya. Kujerar ta san mai ita, Jinin Manya ya hakimce a kai. Kwana uku ina sauke kundi ina atishawa, sittin da uku na buɗe. Shi ya buɗe baki, yana faɗa wa magatakarda irin gidan da ya fito.

A kundi na sittin da huɗu sunan Kaka ya bayyana, gara ta ɗan ci gefensa. A ƙasan shafin an jera abin da mamaci ya bari: tabarma uku, almakashi biyu, keken ɗinki ɗaya, gida goma sha biyu.

Jinin Manya ya ɗora tafinsa a kan kundin kamar mai rantsuwa.

"Ranka ya daɗe, akwai shafi na gaba," in ji magatakarda.

"Malam, mai asali ba ya bin diddigi. Na ga abin da na zo gani."

Na tambaye shi keken ɗinkin fa. Ya ce na barorin gidan ne. Ya sa aka yi kwafi, aka buga hatimi, har ya gyara wa magatakarda riƙon hatimin. Magatakarda ya haɗa shafi biyu, ya liƙe ambulan, ya miƙo yana cije leɓe.

Ranar zaɓe ya yi hayar rumfa biyu, kujera ɗari da ashirin da lasifika. Jawabinsa minti talatin da takwas, kalmar "asali" sau ashirin da shida. Sannan ya miƙa wa Baffa ambulan, wai abokin takara ya karanta da bakinsa, ya ji ɗacin da kyau.

Baffa ya gyara tabarau. Tabarma ta wuce, almakashi ya wuce. Da ya ce "gida goma sha biyu", wuri ya kaure da tafi, Jinin Manya ya miƙe yana ɗaga hannu hagu da dama. Baffa ya lashi yatsa, ya juya shafi, ya ƙarasa layin kamar yana kiran sunayen aji:

"...na sauro. Takwas sabbi, huɗu da faci."

Sai Goggo, autar Kaka, wadda ta haura tamanin, ta gyara zama.

"Ai ɗinka su yake yi yana sayarwa," in ji ta. "Shekara sittin kuna gida-gida, ba wanda ya taɓa tambayata wane iri."

Namiji dai namiji ne. Jinin Manya ya karɓi lasifika ya ce ko na sauro ne, gida gida ne, kuma goma sha biyu ba wasa ba. Aka kaɗa ƙuri'a: Baffa saba'in da ɗaya, shi biyu. Ɗaya tasa, ɗaya ta wani kawunmu mai nauyin kunne da ya ɗaga hannu, ya zaci lemo ake rabawa.

Yana naɗe takardarsa Goggo ta riƙo hannun rigarsa.

"Ɗana, alkawarinka bai faɗi ba. Guda ɗaya na nan a ƙasan akwatina, cikin masu facin. In mai gidan haya ya matsa maka, zo ka tare. Ba zan karɓi ko sisi ba."

Yanzu taku arba'in yake yi zuwa bakin titi, wata rana talatin da biyar, in yara sun hango shi suna kiran Magajin Sauro.

Kai ma je ka gwada. Nemi takardar gadon kakanka, kwana uku sun isa, kuma ka tafi da hankici. Amma don Allah ka juya shafi kafin ka yi hayar rumfa.