Rasuwar 'Yar Tsiwa, Sandar Binciken Layin Mata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ma'aikatan binciken fasinjoji na ƙofa ta uku suna sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar 'Yar Tsiwa, sandar gano ƙarfe ta layin mata. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da safe, tana bakin aiki, a hannun uwar ɗakinta, jami'ar nan da kowa a filin jirgi yake kira Uwar Layi. Ba a san takamaiman lokacin da rai ya yi halinsa ba, kuma rashin sanin nan ne ya kusa tafiya da Uwar Layi ita ma.

Marigayiyar ta zo duniya a cikin kwali shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Baƙa ce wuluk, tsawonta bai cika kamu ɗaya ba, tana da igiyar rataya a wuyan hannu da ɗan koren ido guda wanda yake nuna tana raye. Ranar da aka buɗe kwalin aka damƙa ta ga Uwar Layi, tun daga nan ba su rabu ba sai lokacin tashi daga aiki.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaida cewa ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Matar attajiri da mai goyo a baya, murya ɗaya take yi musu. Ba ta jin "haba, 'yar uwa," ba ta jin "kin san ko ni wace ce?" Magana uku gare ta a duniya. In ta ci karo da allurar ɗankwali sai ta ce "ƙit," a taƙaice, kamar mai gyaran murya. Awarwaro da makulli kuwa "ƙiiit" take ce musu. Ta ukun ita ce "ƙirrrr," wadda sau biyu tak ta faɗa a rayuwarta, kuma duka biyun sai da aka fito da wuƙa daga inda ba a ajiye wuƙa.

Ciwon ajalinta ya fara ne mako uku kafin rasuwar. Muryarta ta dishe, wani lokacin sai an wuce makulli sannan ta tuna ta yi magana. Uwar Layi ta lura tun ranar farko. Ta kuma san doka sarai: sandar da ta fara wasa, a kai ta ɗakin Injiniya a rubuta. Amma a shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin abin da ya shiga ɗakin Injiniya ya fito da ƙafarsa ba. Sai ta yi jinyarta a ɓoye. Ta sake mata batir, ta naɗe mariƙin da baƙin salatef, in ta ga tana gyangyaɗi ta ɗan buga ta a cinya, ita kuwa ta farka ta ce "ƙit." Ba ta gaya wa kowa ba, har Dogo mai kallon allon jakunkuna, wanda teburinsu yake kusa da juna.

Ranar Talatar, ƙofar gwajin da fasinjoji suke ratsawa tana lulluɓe da leda ana yi mata gyara, saboda haka duk nauyin layin mata ya koma kan marigayiyar. Da ƙarfe shida Uwar Layi ta gwada ta a kan makullinta, ta amsa. Mata suka yi ta shiga bayan labule ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaga hannuwa, ana zagaya musu sanda gaba da baya, suna wucewa. Koren idon yana nan a kunne. Uwar Layi har tana cewa a ranta yau matan sun yi hankali, kowa ta cire ƙarafunanta tun daga waje.

Da ƙarfe takwas da minti biyar wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda. Sananniya ce a ƙofar, domin duk bayan wata uku takan tafi ganin likitan da ya sa mata ƙarfe a ƙugu, kuma duk zuwanta sai marigayiyar ta yi mata doguwar gaisuwa. Uwar Layi ta zagaya mata sandar bincike, ta ce ta wuce. Tsohuwar ba ta wuce ba.

"'Yata, yau mutuniyar tawa fushi take yi da ni? Ba ta gaishe ni ba."

Uwar Layi ta mayar da sandar kan ƙugun tsohuwar. Shiru. Ta ɗora ta a kan makullinta. Shiru. Ta buga ta a cinya sau uku, ta manna ta a jikin ƙafar teburin ƙarfe. Koren idon yana kallonta, babu ko "ƙit."

A nan ne ta gane sandar ta mutu. Ta shiga laluben ƙwaƙwalwarta: yaushe rabon da ta ji muryar? Ta tuna awarwaron wata malamar asibiti, wajen bakwai da minti goma. Kusan awa guda ke nan tana shafa wa mata gawa. Ta duba takardar ƙidaya, mata talatin da bakwai sun wuce, kuma kusan dukansu na jirgin takwas da kwata ne. Ta leƙa ta gilashi. An rufe ƙofar jirgin, an janye matakala, motar turawa ta riga ta kama hancinsa.

Fuskokinsu suka riƙa dawo mata. Mai tagwayen nan da ta taimaka wa ɗaura takalmin ɗayan. 'Yan matan makaranta huɗu masu dariya. Sai kuma wata doguwar mace mai ƙatuwar rigar sanyi a wannan zafin, jikinta a kumbure ta ko'ina, tana ta gumi, ta ƙi yarda su haɗa ido. Uwar Layi ta tuna ta so ta laluba ta da hannu, amma layi ya yi tsawo, sanda kuma ba ta ce komai ba.

Masu wannan sanarwa ba za su ɓoye cewa wata zuciyar ta ba ta shawara ba. Babu wanda ya gani. Tsohuwa za ta wuce ta manta. In jirgi ya sauka lafiya, magana ta mutu, aikin shekara goma sha tara ya tsira. In kuwa bai sauka ba...

Ta fito daga bayan labule. Dogo ya ɗago kai daga allonsa ya ce, "Yaya, lafiya? Fuskarki ta yi fari." Ta wuce shi. Ta nufi shugaban aiki, wanda ake kira Mai Jan Biro saboda abin da yake yi wa takardun mutane, kuma wanda ba ta taɓa tunkara da kanta ba.

"Ranka ya daɗe, a tsayar da jirgin can. Sandata ta mutu. Mata talatin da bakwai sun shiga ba bincike."

"Tun yaushe?"

"Ban sani ba. Mako uku tana ciwo, ni na ɓoye."

Ya dube ta, ya dubi salatef ɗin da ke mariƙin. Ya ɗauki rediyonsa ya yi magana da hasumiyar kula da jirage.

Jirgin ya riga ya kama hanyar titin tashi. Uwar Layi ta kifa goshinta a gilashi tana kallonsa yana tafiya, yana ƙara nisa, kamar saƙon bai isa ba. Can sai ta ga ya rage gudu, ya tsaya, ya fara juyowa a hankali.

Fasinja ɗari da arba'in aka sauko da su. Abin da suka faɗa wa ma'aikata bai dace da sanarwar rasuwa ba. Aka sake binciken kowa da hannu, aka kwance kujerun jirgin ɗaya bayan ɗaya. Mai rigar sanyi ce ta goma sha biyu a layi. Ta shigo bayan labule wurin Uwar Layi. Aka buɗe rigar. A ƙarƙashinta riguna biyar ne, ɗaya kan ɗaya, da zane biyu a ɗaure a ciki.

"Jakata ce ta yi nauyi, aka ce in rage," in ji matar, tana hawaye. "Ban taɓa shiga jirgi ba. Kama ni za ku yi?"

Uwar Layi ta zauna a ƙasa daɓas.

Abin da binciken ya samo gaba ɗaya shi ne abin yankan farce biyu, da ƙoshiyar saƙa, da cokalin shayi. Jirgin ya tashi da jinkirin awa biyu da rabi, ya sauka lafiya. Mai Jan Biro ya rubuta wa Uwar Layi takardar gargaɗi, ya dakatar da ita mako biyu, ya karɓi katin shigarta. Da zai miƙa mata takardar ya ce, "Ɓoyewar ce na hukunta. Zuwan da kika yi wurina ba shi da gurbi a fom, shi ya sa ban rubuta ba."

Injiniya ya buɗe gawar da yamma. Ya tabbatar da cewa wata siririyar waya ce ta tsinke a ciki, wadda ba ta da alaƙa da fitilar, shi ya sa idon ya ci gaba da haske bayan rai ya fita.

Marigayiyar ta rasu ta bar yayarta, ƙofar gwaji, wadda ta samu sauƙi ta koma aiki. Da babban injin duba jakunkuna. Da 'yar uwarta ta layin maza, wadda tun ranar ake gwada ta a kan makulli duk rabin awa har ta fara gajiya. Da tiren roba arba'in masu ruwan toka. Da batir ɗaya sabo da ba ta ci rabinsa ba.

Za a yi jana'izarta ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a ɗakin ajiyar kayan da suka lalace, bayan ofishin Injiniya, a kan kantar ajiya ta biyu daga ƙasa. Dogo ne zai ɗauke ta, mai kula da sito zai cike fom kwafi uku. Uwar Layi ba za ta samu halarta ba, domin ba ta da katin wuce ƙofa, amma ta aiko da tsohon ɗankwalinta a naɗe ta a ciki, ta kuma roƙa a cire batir ɗin don idon ya rufe.

Za a karɓi gaisuwa a gidan Uwar Layi, wanda yake ƙarƙashin hanyar da jirage suke bi in sun tashi. Ana roƙon masu zuwa su yi haƙuri: in jirgi ya taso tana tsakiyar magana za ta yi shiru, ta ɗaga kai tana saurare, ba za ta ji gaisuwar kowa ba. A jira ta. In ƙarar ta yi nisa ta ɓace lafiya, za ta sauke kai ta amsa.