Yadda Za Ka Warkar da Ƙafarka da Waya

Kai mai ciwo, mayar da katin asibitin nan aljihu. In ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari ciwonka zai tafi, ba kuma zai dawo ba. An gwada a gidanmu. Ƙanena tela ne, mai ciwon suga. Wani ɗan gyambo ya fito masa a babban yatsan ƙafar dama, ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita, wato ƙafar da ke ciyar da gidansa. Yau ko alamar gyambon babu.

1. Tambayi waya, kada ka tambayi mutum

Mutum zai ce, "Cire takalmin mu gani." Waya ba ta da wannan rashin kunyar. Rubuta mata "ciwon yatsa", ta jero maka amsa tun daga cizon sauro har ciwon daji.

2. Zaɓi amsar da ta kwanta maka a rai

Shafin farko zai ce mai suga da gyambo a ƙafa ya garzaya asibiti. Wuce shi, tsorata mutane ne sana'arsu. Yi ta murza allo har ka iso inda aka ce ba komai ba ne. Wannan shi ake kira bincike.

3. Auna likita da ɗinkin rigarsa

Nan ƙanena ya fi kowa. Ya samo wani mai farar riga a bidiyo, yana cewa a zubar da ƙwayoyin suga, a riƙa jiƙa ƙafa a ruwan zafi da gishiri.

"Yaya, dubi wuyan rigar nan," in ji shi. "Dubi yadda kafaɗa ta zauna. Wanda ya san telan da zai kai wa ɗinki, ai ya san jikin ɗan Adam."

Na ce, "A ina ya yi karatu?"

"Ke dai Yaya, komai sai kin ce a ina."

Likitar da ke duba shi kuwa, aljihun rigarta a karkace yake, da baƙin zare aka kama shi. Ya za ka miƙa ranka ga wannan? Ita ma dai, tsakani da Allah, ba ta taɓa zaunar da shi ta gaya masa abin da suga ke yi wa ƙafa ba. Ta rubuta, ta yage, na gaba ya shigo. Mai bidiyo kuwa ko sau nawa ka maimaita shi ba ya tsaki.

4. Sa dangi su jefa ƙuri'a

Ɗauki hoton yatsan ka tura zauren dangi. Kawu zai ce kambun baka ne. Gwaggo za ta ce a barbaɗa toka. In 'yar ƙanwarka mai aikin jinya ta rubuto, "Kawu, don Allah a tafi asibiti yau," cire ta daga zauren. Yaran yanzu ba su da ladabi.

5. In ba zafi, an warke

Masu karatu sun ce suga yakan kashe jijiyar ƙafa har mutum ya daina jin ciwo. Kai dai ɗauki ƙarshen maganar: ka daina jin ciwo.

"Maigida, shagon nan wari yake," in ji matar ƙanena.

"Yadin da aka kawo ne."

"Yadin ne ya yi baƙi a cikin safarka?"

"Dafin ne ke fita. Likita ya faɗa."

6. In an ɗauke ka, kada ka manta da wayar

Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi a kan keke, matarsa da maƙwabtan shago suka cicciɓe shi sai asibiti. Yana kan gado yana miƙa wa mai karkataccen aljihu waya.

"Likita, kalli wannan ki ƙaru."

Ta kalla. Ta ce, "Baba, na san shi. Bara maganin sanƙo yake talla, da wannan rigar." Ta ɗaga safar, ta duba. "Yatsan kam ya riga mu. Ƙafar muke roƙon Allah ya bar mana."

Aka yanke yatsan, ƙafar kuwa Allah ya bar musu ita. Yanzu da diddige yake taka keke, a hankali, yana shan ƙwayoyinsa. Ranar da ya koma wankin ciwo ya tafi da allura da farin zare, ya roƙi likita ta ba shi rigar, ya farke aljihun ya sake zaunar da shi.

"Yaya," in ji shi da muka fito, "yanzu kam na yarda da ita."

Hattara: cewa na yi gyambon zai tafi, ban ce shi kaɗai zai tafi ba. Duk abin da ya biyo shi, ba hannuna ba ƙafata. Mai ƙorafi ya nemi mai farar riga. Na ji yanzu ciwon ƙoda yake warkarwa, kuma wuyan rigar nan har yau bai motsa ba.