Man Shanu Zuwa Ingila

Da aka zaɓi maigidana cikin sojojin da za su tafi kwas Ingila, na rantse babu mai haɗa masa akwati sai ni. Shekarata ɗaya da aure, amma ji nake duk unguwarmu ta Doka babu wanda ya kai ni sanin tafiya.

Na shiga Babbar Kasuwa na sayo kuka da daddawa da man shanu cike da kwano. Don kada kwanon ya motsa, sai na naɗe shi cikin sabon kakinsa na fareti.

Surukata ta leƙo. "'Yar nan, man nan ba zai narke ba kuwa?"

"Haba Inna, ƙasar ƙanƙara fa za shi," na ce, har da 'yar dariyata.

Na manta da zafin jirgin ƙasa zuwa Ikko, balle makonni a jirgin ruwa.

Bayan wata biyu wasiƙarsa ta iso. Da yake ban iya boko ba, ƙanensa ne ya karanta a tsakar gida, gaban kowa. Mai ya ratsa kakin har aljihu. Ranar fareti Baturensu ya tsaya yana shinshinarsa, aka ba shi horon kwana uku. Daga ƙarshe ya rubuta: "Na daina wankewa. Duk sanda na sa shi, ƙamshin ɗakinki nake ji."

Na rufe fuska da gefen zane, ga kuka ga dariya.

Yanzu mun tsufa. Ko masallaci zai tafi, sai ya tsaya bakin ƙofa yana lalubar aljihu. "Hajiya, yau dai ba ki yi mini guzuri ba ko?"